Kyanwata Ba Turmin Aro Ba Ce

A gidan hayarmu na Sabon Gari babu abin da mutum zai bugi ƙirji ya ce nasa ne shi kaɗai. Ɗaki goma sha ɗaya, rijiya ɗaya, kuma kowane kaya yawo yake yi. Turmin Maman Nonso ya fi kwana a ƙofar wasu a kan ƙofarta. Haka tsanin Baba Mordecai, haka gugan rijiya, haka babbar tukunyar da ake girkin suna. Ba a ma tsayawa roƙo. Sai dai ki ji an ɗaga labule an ce, "Maman Murna, na ɗauki rariya." Wadda ta hana kuwa ta shiga bakin gida, har zumuntar mata a coci sai labarinta ya je.

Ni Susanna, shekara biyu na yi ina bin wannan tsari, ko allura ban taɓa hana kowa ba. Sai ranar da ɓera ya ciji 'yata.

Watanta bakwai a lokacin. Da rana tsaka ce, ta sha kunun gyaɗa ta yi barci, na shimfiɗe ta a katifa na fita shanya. Kukan da na jiyo ba na yunwa ba ne. Na shigo na tarar da jini a ɗan yatsan da ta tsoma cikin kunu, na kuma ga jelar abin tana shigewa bayan kwaba. Tabon yana nan har yau, kamar an manna mata ƙwayar gero biyu.

Da muka dawo daga asibiti mutanen gida suka zo sannu, kowa da hikimarsa. Baba Mordecai, malamin firamare ne da ya yi ritaya, dattijo a cocinmu, mutumin da tunda nake ban taɓa jin ya ce "ban sani ba", ya duba yatsan ya ce, "Ai mu ma duk an cije mu muna yara, ga mu mun tsufa." Maman Nonso kuma ta ce in riƙa wanke wa yarinya hannu. Ita fa, wadda buhunan busasshen kifinta na kasuwa suke jibge a bayan ɗakinta, su ne suka tara mana ɓerayen unguwa kaf kamar ana rabon abinci.

 Washegari na hau keke na tafi Basawa wurin yayata Lovelyn, na dawo da kyanwa a cikin kwali. Mijin Yaya soja ne, shi ya sa mata suna Kofur, saboda tana da zane biyu farare a ƙafarta ta gaba kamar igiyar muƙami.

Tun ranar na yanke cewa Kofur ba za ta taka tsakar gida ba. Mijina Kefas kafinta ne a Samaru. Na sa shi ya buga raga a taga, ya ƙara wata ƙofar raga a bayan ta katako, yadda iska za ta shiga amma ba mai fita. Na samo tsohon baho na zuba yashi, kullum da safe in kwashe in sake sabo. Dalilina ba ɓoyayye ba ne. A waje akwai kwata, akwai karnuka, akwai yara da danƙo, akwai masu keke da ba sa taka birki don mutum balle dabba. Kyanwar da ta yini a bola kuma ita ce za ta dawo ta kwanta a gefen 'yata. Ban ɗauko ta don ta yi zumunci da unguwa ba. Aikinta ɗaya ne, ta tsare mini ɗakin da Murna take barci.

Ta kuwa tsare. Cikin mako biyu ta kashe biyar, sauran suka kwashe nasu ya nasu suka koma ɗakunan maƙwabta. Daga nan ne kowa ya fara tausayin Kofur.

"Maman Murna, yaya amarya? Har yanzu tana kulle?" in ji Maman Nonso a bakin rijiya. "Ki faɗa mana ranar buɗar kai mu yi anko."

Baba Mordecai ya fi ta iya tsara magana. Yakan zauna a bencinsa ƙarƙashin bishiyar gwaiba da rediyo a cinya, in na fito da bahon yashi ya bi ni da ido yana girgiza kai.

"'Yata, ke da kika yi makaranta, kike kwasar kashin kyanwa? Ubangiji ya ba dabban nan ƙafa huɗu da farce don ta hau katanga. Kyanwar da ba ta yawo ai ba kyanwa ba ce, matashin kai ce."

"To Baba, matashin kaina ne."

"Zalunci ne. Ki sake ta ta sha iska."

Iskar da yake nufi na san ta. Tana cikin ɗakinsa, inda ɓera ya cinye masa kwalar kwat ɗin zuwa coci. Ɗaki goma sha ɗaya a gida, ba mai iya rufe kwandon shararsa, ba mai iya toshe ramin bangonsa da siminti, amma kowa ya zama lauyan kyanwa.

Ranar wata Talata na kai Murna rigakafi. Layi ya yi tsawo, ban dawo ba sai wajen sha biyu. Na buɗe ƙofar katako, na buɗe ta raga, ban ji abin da na saba ji ba, wato gogar jiki a ƙafata. Na duba ƙarƙashin gado, na duba saman kwaba. Kwanon abincinta yana nan yadda na bar shi, ko taɓawa ba a yi ba.

Na fito. Baba Mordecai yana bencinsa, fuskarsa fal murmushi irin na wanda ya sulhunta ma'aurata.

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Ba ɓata ta yi ba. An ba da aronta."

"An ba da me?"

"Aro. Kwana biyu kacal, a shagon Maman Nonso na kasuwa. Ɓeraye sun addabe ta. Ni na yi wa mijinki magana da safe kafin ya fita, yaron kirki, bai musa ba. A buhu aka kai ta don kada ta gane hanya ta gudo. Jibi za a dawo miki da kayanki."

Kayana. Kamar rariya.

Na kira Kefas a waya. Mijina ba mugu ba ne, amma bakinsa bai iya furta "a'a" ba in mai furfura ne a gabansa.

"Baban Murna, ina Kofur?"

"Af, na so in gaya miki. Baba ne ya ce..."

"Na ce ina Kofur?"

"Susanna, kwana biyu ne fa. Ya zan yi? Mu ma jiya turminta muka yi daka da shi."

Yana cikin magana wani abu ya faɗo mini a rai. Ranar Asabar, a nan bakin rijiya, na ga Maman Nonso zaune da gwangwanayen sadin guda shida a gabanta, tana kwaɓa shinkafar ɓera da garin kifi, tana cewa wannan karon sai ta ga bayansu a shago. Har na janye Murna daga wurin don kada ta rarrafa ta kai hannu.

Na kashe wayar. Jikin Murna ya fara ɗumi saboda allurar, amma wa zan bar wa ita a gidan nan? Na ƙara ɗaure goyo na nufi kasuwa.

Shagon Maman Nonso yana can cikin layin masu kifi, da ɗan sito a bayansa wanda ba taga. Tun daga nesa na hango mata uku sun yi cirko-cirko a ƙofar siton. Da na matso na ga Maman Nonso a tsugunne, ta naɗe Kofur da buhu ta matse ta tsakanin gwiwoyi, wata maƙwabciyarta ta buɗe mata baki da tsinken tsire, ita kuma tana ɗura mata manja da cokali. Yawu yana dalala daga bakin Kofur, jikinta yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, manja ya ɓata mata wuya da ƙirji.

"Yauwa, ga uwar amarya," in ji Maman Nonso, ko kunya babu. "Kada ki tayar da hankali, na ba ta cokali huɗu. Manja yana kashe kowace guba, kowa ya sani."

"Mama, kin kwashe maganin ɓeran kafin ki sa ta ciki?"

"In kwashe don me? Ai hannu biyu ya fi ɗaya. Wanda ya tsallake magani, kyanwa ta kama shi."

"Kin ba ta abinci?"

Matan suka kalli juna, ɗaya har da dariya.

"Ji wata magana! Wa yake ba kyanwar aro abinci? In ta ƙoshi ta yi farautar me? Da yunwa ake rufe ta, haka ake yi tun kafin a haife ki."

Na tsaya ina kallon matar nan. Shekararta talatin tana sayar da kifi. Ta san kifin da ya kwana da wanda bai kwana ba daga wari kawai, ba mai iya cutarta ko da rabin mudu. Amma ta zuba garin kifi a kan guba, ta ɗauko kyanwar da ba ta karya ba ta rufe su tare a ɗaki mai duhu, ta koma gaban shago tana jiran sakamako.

"Ni na ɗauka tana da wayo," ta ce. "Kyanwa ai tana shinshinawa."

"Sake ta."

"Bari in ƙara mata ɗaya..."

"Mama, na ce ki sake ta."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta saki. Na kwance ɗankwalina na naɗe Kofur. Kafin in fita na shiga siton na dudduba, na samo ledar maganin a kan buhu da sauran rubutunta, na ƙulle a wata leda na jefa a jaka. Gwangwani biyu a cikin shidan an lashe su tas.

A bakin titi na tare keke na ce shata, Samaru. Mai keken ya leƙa abin da ke hannuna.

"Madam, mage ce? Asibiti za ki kai mage?"

"Da kuɗinka zan kai ta?"

Ya ja bakinsa ya ja kekensa. Mun sha cunkoso a Kwangila, motocin kaya sun toshe hanya, Murna tana ƙananan koke-koke a bayana, Kofur tana shure-shure a cinyata. Na dafa ƙirjinta da tafin hannu ina jin zuciyarta tana bugawa da sauri-sauri. Abin da nake tunani ba kyau ko taushin gashinta ba ne. Bayan kwaba nake tunani, da ramin da na toshe sau biyu ana sake buɗewa, da yatsu goma na yarinyar da ke bayana.

Wani ƙaramin asibitin dabbobi ne a Samaru, wanda masu kaji da masu karnuka suke zuwa. Likitar matashiya ce, Dakta Oluwatoyin, Hausarta ta jami'a amma tana fita. Ba ta yi mini dariya ba. Ta karɓi Kofur ta ɗora a tebur, ta buɗe mata ido ta haska.

"Kin san abin da ta ci?"

Na miƙa mata ledar. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

"Kin kyauta da kika zo da wannan. Da yawa sai su zo hannu rabbana su ce in yi duba." Ta zuƙi allura. "Wannan jan abin fa? Wa ya ɗura mata manja?"

"Masana."

"Hmm. Masanan nan suna ba mu aiki. In ana ɗura wa dabba mai tana shure-shure, yana iya bi ta huhu. Yanzu abu biyu zan yi fama da su maimakon ɗaya."

Ta yi mata allura, ta aske gashin ƙafarta ta gaba ta sa mata ƙarin ruwa. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, in bar ta a nan, in ta kai jibi to ta tsallake.

Ina zaune a benci ina ba Murna nono sai ga Kefas, garin katako har a girarsa. Tun a keke na tura masa saƙo, shagonsu kuma ba nisa. Ya tsaya a kaina yana murza hula.

"Susanna, wallahi ban san da magani a shagon ba."

"Ka tambaya?"

Ya ci gaba da murza hularsa.

"In Baba Mordecai ya ce a ara wa Maman Nonso Murna kwana biyu ta taya ta jiran shago, za ka sa ta a buhu?"

"Haba, wace irin magana ce wannan?"

"Ita ce maganar. Kofur ce ƙofar ɗakin 'yarka. Ka cire ƙofar ka ba da aro don kada a ce ba ka da kirki."

 Ya zauna a gefena ya kama yatsan Murna mai tabo yana dubawa, kamar ranar ya fara ganinsa.

Kwana uku Kofur ta yi a Samaru. A kwana ukun nan ban ajiye Murna a katifa da rana ba ko sau ɗaya. Da ita a baya na yi girki, da ita na yi wanki, da ita na ja ruwa, har kafaɗuna suka riƙe. A rana ta biyu na share bayan kwaba na ga sabon kashin ɓera, baƙi, ɗanye. Ko kwana biyu ba su bari ba. Labari ya riga ya kai musu.

Ranar Juma'a Kefas ya dawo da ita a kwali. Ta rame, muryarta ta dushe, kuma daidai inda zanenta biyu suke nan aka aske. Ya ce, "An rage wa Kofur muƙami," yana satar kallona ko zan yi dariya. Ban yi ba, amma na bar shi ya sa mata ruwa a kwano. Ta fito daga kwalin tana tangaɗi, ta zagaya ɗakin, ta je bayan kwaba ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta haye katifa ta kwanta wajen ƙafar Murna.

Da yamma aka zo gaisuwa. Maman Nonso ta ɗaga labule da ƙunshin busasshen kifi a takarda.

"Ga shi a ba amarya ta farfaɗo. Abin ya wuce ko? Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

"Daga wane siton kika ɗebo, Mama?"

 Na mayar mata da ƙunshin a hannunta, na naɗe mata yatsu a kai.

Baba Mordecai yana bayanta, kuma ba zai iya barin magana ta ƙare ba tare da shi ba.

"Ni abin da na gani, 'yata, laifin kullen ne. Da kyanwan nan tana yawo da ta san duniya. Kyanwar titi ba ta cin guba. Ke kika mayar da ita sakarya."

Na dube shi, da furfurarsa, da rediyonsa, da kwalar kwat da aka yi wa faci. A bayan gidan nan kaɗai, gawar kyanwar titi nawa muka gani a kwata tun da na tare? Shi da kansa yake kiran masu shara su ɗauke. Na so in tuna masa, sai na ga asarar yawu ne.

Na juya cikin ɗaki. Na mirgino turmin Maman Nonso na kai ƙofarta, da taɓaryarsa. Na ɗauko kujerar robar matar Adebayo tela, da murfin tukunyar da ban ma tuna ta wace ce ba, da gudumar Baba Mordecai da Kefas ya aro tun Ista, na jera su a tsakar gida. Sannan na bi ɗaki-ɗaki na karɓo rariyata, da wuƙata, da bokitina biyu. Gida ya yi tsit, sai rediyo.

"Daga yau ba na aro, ba na bayarwa," na ce. "Kowa ya riƙe nasa."

"Za ki gani," in ji Maman Nonso. "Mutum ba ya zama shi kaɗai."

Na kuwa gani. Washegari da na je jan ruwa gugan ya ɓace, sai da na koma ɗaki ya bayyana. Ranar Alhamis a zumunta aka yi doguwar addu'a saboda masu taurin zuciya a cikinmu, mata suna amin suna leƙena ta ƙasan ido. Ni ma na ce amin. Na sayi gugana da igiyarsa, ina ratayewa a ƙusa cikin ɗaki. Kefas ya sassaƙa mini ɗan turmi, bai kai nata girma ba kuma yana rawa in ana daka, amma yana daka. Ƙofar raga ya sa mata kwaɗo da hannunsa, ya miƙo mini makullan duka biyun ba tare da na tambaya ba. Suna ɗaure a bakin zanina.

Gashin ƙafar Kofur ya fito, igiyoyinta sun dawo. Da rana tana zama a taga bayan raga, tana kallon tsakar gida. Jiya ina tankaɗe, Murna tana barci a katifa hannuwanta a baje, sai na ga kunnuwan Kofur sun miƙe. Na leƙa. Wani ƙaton ɓera ne ya fito daga bayan buhunan Maman Nonso, ya ratsa tsakar gida ba ko sauri, ya bi ta ƙarƙashin bencin Baba Mordecai ya shige ɗakinsa.

Baba ya ɗage ƙafafu sama, rediyo ya faɗi.

"Maman Murna! 'Yata! Minti biyar kawai, ki buɗe mata!"

"Tana kulle, Baba," na ce, na ci gaba da tankaɗena.